Me ake nufi da “gudajje”, kuma me ya sa tsofaffi ba sa son jin ta?

“Assalamu alaikum Malam. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Birnin Kudu. Ƙanena direba ne, 'yan bindiga suka tare su a hanyar Zamfara suka shige daji da su, Allah ya taimake shi ya sulale cikin dare ya dawo gida. Da abokansa suka zo yi masa barka sai wani cikin wasa ya ce masa sannu gudajje. Wallahi kakarmu ta tashi da faɗa, ta ce kar a ƙara kiran jikanta da wannan suna, mu ba bayi ba ne. To Malam ni na ɗauka gudajje kawai wanda ya gudu ne. Mene ne ainihin ma'anarta, daga ina ta fito, kuma in ba ita ba wace kalma ce ta dace da mutumin da ya gudo daga hannun waɗanda suka tsare shi?”

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko dai barkanku da arziki, Allah ya ƙara tsarewa, waɗanda har yanzu suke hannu kuma Allah ya fito da su lafiya. A gaida min da Iya, kakar taku.

In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne ya za a yi kalmar da a fili ba ta ce komai ba sai “wanda ya gudu” ta zama abin da tsohuwa za ta tashi tsaye a kai. To kai ma ba ka yi kuskure ba a nahawu, amma ita ta fi ka gaskiya, domin kai ginin kalmar ka duba, ita kuwa bakin da aka saba jin kalmar a cikinsa ta tuna. Ni malamin Hausa ne, na daɗe ina koyarwa a makarantun sakandare na karkarar nan, kuma na zauna da dattawa da dama ina ɗaukar tarihin baka, to ta waɗannan ɓangarori biyu zan amsa maka.

Yadda aka gina kalmar

Gudajje Bahaushiyar kalma ce tsantsa, ba aro ba ce daga Larabci ko Fulatanci ko Barbarci. Daga aikatau “gudu” ta fito. Hausa tana da hanyar da take bi ta mayar da aiki ya zama sifar wanda abin ya tabbata a kansa, a aji muna kiranta sifa 'yar aikatau, kuma kai ma kullum kana amfani da ita ko ba ka san sunanta ba: dafa ya ba da dafaffe, wanke ya ba da wankakke, ɓata ya ba da ɓatacce. Ana ƙara wasalin a bayan saiwar kalma, a sake kawo baƙin ƙarshe na saiwar a ninka shi, sai a rufe da wasalin e. To a ƙa'ida gudu “gudadde” ya kamata ya bayar, kuma ɗalibaina da yawa haka suke rubutawa a jarrabawa, amma Bahaushe ba ya son d ta zo kafin e ko i a irin wannan wuri, sai ya mayar da ita j. Ganɗantawa ake ce wa wannan. Shi ya sa muke cewa ya gudu amma ya guje mini, ya ci gado amma ya gaje shi, magaji. Haka t take komawa c a matacce, s take komawa sh a fasasshe. Mace gudajjiya, jam'i kuwa gudaddu, ka ga d ɗin ta dawo saboda u ce a gabanta, kamar dai matattu da fasassu. Wanda ya ce “gudajju” ya kauce.

Tun da mun zo nan bari in taɓa wani abu da ake yawan faɗa a majalisa, wai Maguzawa sunansu daga gudu ne, wai sun guje wa sallah. Wannan ƙa'idar da na faɗa maka ita kanta ta isa ta warware maganar. J ɗin Hausa tana iya fitowa daga d, tana iya fitowa daga z, kamar baza da baje, ciza da cije. In kana son sanin daga wacce ta fito sai ka duba jam'i. Bamaguje jam'insa Maguzawa, da z. Da daga gudu ne da Magudawa za mu ji. Mafi yawan masana suna danganta sunan da kalmar Larabci majusu, kuma ni ma nan na karkata. Na kawo wannan ne don ka ga ba duk kalmar da ta yi kama da gudu ce daga gudu ba.

Yanzu ga inda nauyin yake. Irin wannan sifa ba labarin abin da mutum ya yi sau ɗaya take bayarwa ba, matsayin da ya zauna a kai take faɗa. In ka ce wane ya gudu ka ba da labari ne, gobe ma ana iya mantawa. In ka ce wane gudajje ne ka raɗa masa suna. Sannan ka lura da wani abu a cikin tambayarka da kai kanka ka faɗa ba ka ankara ba, ka ce mutumin da ya “gudo”. Ba ka ce ya gudu ba. Hausa tana bambance inda mai magana yake tsaye, wanda aka bari a baya shi ke cewa ya gudu, wanda aka taho wajensa shi ke cewa ya gudo. Ku a gida gudowa ya yi. Waɗanda suka ɗaure shi a daji su ne za su wayi gari su ce ya gudu. To gudajje daga can ɓangaren ake faɗarta, maganar mai igiya ce, wanda yake ganin wani abu nasa ya ɓace. Wannan shi ne abin da kunnen Iya ya ji, ko da ba za ta tsaya ta yi maka bayaninsa da nahawu ba.

Bawa gudajje

A ƙasar nan tamu kafin zuwan Turawa, in aka ce gudajje kai tsaye ba sai an ƙara komai ba, bawa ake nufi. A ƙarni na 19 ƙasar Kano cike take da gandaye da rinji, wato ƙauyukan da bayi ke zaune suna noma wa sarki ko hakimi ko attajiri. Fanisau da Ɗorayi da Gandun Nasarawa da Takai duk an san su da gandun sarki, kuma har gobe za ka ji unguwanni da ƙauyuka masu suna Rinji. Akwai bawan da aka kamo a yaƙi ko aka sayo a kasuwa, akwai bacucane wanda a gidan aka haife shi. Mai gudu galibi na farkon ne, wanda ya san yana da garinsu da dangi, musamman a farkon kamu kafin ya yi aure ya haihu ƙafarsa ta yi nauyi. Shi ya sa sabon kamu ake sa wa mari ko gigar. Bacucane kuwa ina zai nufa, nan ya buɗe ido.

In bawa ya gudu cigiyarsa ake yi kamar yadda za ka yi cigiyar akuyar da ta tsinke igiya, a faɗi kamanninsa da tsagar fuskarsa da irin harshensa, wanda ya kamo shi a ba shi lada. Ka ga ke nan kalmar a bakin mai cigiya ta girma.

Sannan ga zauren karatu. A littattafan fiƙihu Larabci yana da kalma ta musamman ga bawan da ya gudu, wato abiƙ, kuma in malam yana fassara wa almajirai “bawa gudajje” yake cewa. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wurin da aka hana sayar da bawa gudajje da raƙumin da ya ɓalle, saboda ciniki ne na abin da ba ya hannu. Haka in ana bayanin ji'ala, wato ka ce duk wanda ya yi min kaza zan ba shi kaza, misalin da aka fi kawowa shi ne wanda ya dawo min da bawana gudajje. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim mai tsoratarwa a kan bawan da ya guje wa ubangidansa. Wannan aikatau ɗin ma ya zo a Alƙur'ani, a Suratus Saffat aya ta 140, a ƙissar Annabi Yunusa alaihis salam lokacin da ya tafi ya shiga jirgin ruwa. To ka haɗa cigiyar kasuwa da karatun zaure, sai kalmar ta ɗauki kaya biyu, ga bauta ga laifi.

Amma fa a nan dole in tsaya in faɗi abin da ake yawan tsallakewa. Duk waɗancan hukunce-hukunce suna magana ne a kan wanda bautarsa ta tabbata a shari'a, kuma da yawan waɗanda aka kama a ƙasar nan 'ya'ya ne, Musulmi, waɗanda babu wata hanya da ta halatta a bautar da su. Ba yau aka fara wannan kuka ba. Malam Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a kai tun wajajen 1615, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Cikin abubuwan da su Shehu Usmanu suka tuhumi sarakunan zamaninsu da shi akwai bautar da Musulmi. Duk da haka abin bai tsaya ba, a basasar Kano da ta fara a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa an kama talakawa 'ya'ya birjik an sayar. Kuma a Bukhari akwai hadisin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. To mutumin da aka sace a gonarsa aka sayar, ya samu hanya ya gudu, wane laifi ya yi? Amma sunan da aka kira shi da shi ɗaya ne da na kowa, domin mai ƙarfi ne ke raɗa sunan. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukunci dalla-dalla sai a koma wa ma'abotansa, iyakata in nuna maka yadda kalmar ta yi nauyi.

Ina suke nufa?

Ku mutanen Birnin Kudu amsar tana bayan gidanku, duwatsun Ningi. Wajajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan sun saɓa da masarauta a kan haraji, suka shiga cikin Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, daga nan aka samu wata ƙasa da ba ta bin Kano ba ta bin Bauchi. Wurin ya zama mafakar wanda ya gudu, bawa ne ko mai laifi ko wanda haraji ya kora. Kada kuma a gyara tarihi, Ningawa su ma sun yi ta kai hari kudancin Kano, su Rano da Sumaila da yankinku, suna kwasar mutane. To ƙasa ɗaya ce take karɓar gudajje kuma take kama wani, shi ya sa a gidaje da yawa na wannan yanki labarin kamu da labarin gudu a cakuɗe suke, kuma ba mamaki Iya ta ji wani abu daga bakin nata kakannin. Ta arewa kuwa mutum kan nufi ƙasar Damagaram ko Gumel, inda hannun Kano ba ya kaiwa.

Na taɓa zama da wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Gwaram ina tambayarsa tarihin kafuwar garin. Muna cikin magana sai ya kori yaran da suka kewaye mu, ya sa aka saki asabarin zauren, sannan ya ce min kakansa ba zuwa ya yi ba, gudowa ya yi. Ya ce da kaka ya fito, lokacin da dawa ta yi tsawo ta rufe mutum, da rana ya kwanta a tsakiyar gona da dare ya yi tafiya, abincinsa ɗanyar gyaɗa da takanɗa, kuma ba ya bin turba sai gefenta. Sawun mari yana ƙafarsa har ya mutu, shi ya sa ko da zafi ba a ganin idon sawunsa a buɗe. Dattijon nan yana ba ni labarin idonsa na ƙyalli, kana gani ka san yana alfahari da kakan nasa, amma da zan tafi sai ya riƙe hannuna ya ce Malam don Allah kar ka rubuta sunan gidan nan, ina da jikoki mata da ba su yi aure ba. Kuma ban rubuta ba.

Kada ka ga kamar tsoronsa na banza ne. Har yau a karkara in an zo binciken asali kafin aure akwai masu tono irin wannan, na ga auren da aka fasa bayan an kai kuɗin gaisuwa saboda wata tsohuwa ta ce ai kakan yaron gudajje ne. Abin yana ci min rai ƙwarai, domin a ce mutumin da ya sayar da ransa ya ƙwaci 'yancinsa shi ne jikokinsa ke ɓoye sunansa, wanda ya kama shi ya sayar kuwa jikokinsa na bugun ƙirji da nasu asalin. Wannan ba adalci ba ne kuma ba addini ba ne.

Da Turawa suka zo

Wani zai ɗauka da zuwan Turawa kalmar ta mutu. A'a, lokacin ma ta fi yawo. Sojojin Gwamna Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya bayi sun yi ta barin gandaye ayari-ayari, masana tarihi irin su Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta kimanin mutum 200,000 ne suka gudu a faɗin daular Sakkwato cikin shekaru goman farko. Dokar da Turawa suka yi a 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba, kuma Turawan ba sa son gudun ko kaɗan, domin suna tsoron gonaki su mutu, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su talauce. Sai suka toshe hanya ta wani gefen, wanda ya gudu ba a ba shi gona a inda ya sauka, ana iya kama shi a matsayin mai zaman banza, a ce masa in yana son 'yanci ya koma ya bi ta kotun alƙali ya fanshi kansa. Nan murgu ya yi ƙarfi, wato bawa ya riƙa aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu da aka yanka, yana tara kuɗin fansa a gefe, in ya cika a ba shi takarda. A boren Satiru kusa da Sakkwato a 1906 da yawan waɗanda suka taru a garin bayi ne da suka gudu, kuma an murƙushe su ba tausayi. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a dokance.

Ka lissafa da kanka. Mace mai shekaru 80 yau, iyayenta sun rayu da mutanen da aka kira da wannan suna a gabansu, ita ma ta tashi ta tarar da wasunsu da rai. To a wurinta ba tarihin littafi ba ne. Kuma daga wancan zamani ne aka samu bambancin daraja tsakanin kalmomi, 'yantacce wanda ubangidansa ya sake shi, fansasshe wanda aka biya kuɗi a kansa, su biyun suna da shaida suna iya zama a gari da sunansu, gudajje kuwa ba shi da takarda, kullum yana waiwaye.

Ba mu kaɗai ba ne harshenmu ya yi haka. A tsibiran da ke gefen Amurka, bayin da suka gudu suka kafa garuruwansu a duwatsu ana kiransu marun, kuma kalmar daga simaron ta Sifaniyanci take, wadda da farko dabbar gida da ta ɓalle ta shiga daji ake kira da ita. Ka ga daidai da yadda aka jera bawa da raƙumi a wancan babi na Risala. Sai dai su can jikokin sun karɓi sunan sun mayar da shi abin tinƙaho, a Jamaika sun yi yaƙi da Ingilishi har sai da aka yi sulhu da su a 1739. A Barazil akwai Falmaris, ƙasar gudaddu guda da ta yi kusan shekara 100 kafin a rushe ta a 1694, kuma Hausawan da aka kai Bahiya su ma sun yi ta gudu da bore a farkon ƙarni na 19, a 1807 da 1809 da 1814. Mu a nan ba mu kai ga mayar da kalmar abin yabo ba, kuma ban ga alamar za a kai nan kusa ba, shi ya sa ba zan ce maka ka je ka yi wa tsohuwa gardama da labarin Jamaika ba.

To wace kalma ta dace?

Ga ƙanenka, abin da Bahaushe zai ce shi ne ya kuɓuta, ko Allah ya kuɓutar da shi, ko ya tsira. In sifa kake nema, kuɓutacce, jam'i kuɓutattu. Kuɓuta tana nuna cewa abin da aka fita daga cikinsa sharri ne, ba wanda zai ce wane ya kuɓuta daga alheri, to da ka faɗe ta ka riga ka yanke hukunci cewa masu tsaron ne azzalumai. Ka kuma bambance ta da kuɓuce, wadda ita ma daga ɓangaren mai riƙo take, su 'yan bindigar ne za su ce ya kuɓuce mana. Tsira ta fi zurfi, tana ɗauke da ma'anar rai ne aka fitar daga halaka, shi ya sa ake cewa gudun tsira, kuma shi ya sa ake amfani da ita har a maganar lahira. Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, 57 daga cikinsu sun diro daga mota ko sun sulale a daji a kwanakin farko, ba mai hankalin da zai kira su gudaddu, kuɓuta suka yi.

Tsere kuma daban. Ita ce ta fi dacewa da wanda hukuma ta tsare bisa doka ya fice, kamar fursunonin da suka fita lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022, a labarai za ka ji an ce sun tsere, ana neman tserarrun fursunoni. A kula da rubutu a nan, tsararre shi ne wanda ke tsare, tserarre shi ne wanda ya tsere, wasali ɗaya ne tsakaninsu kuma na sha ganin an juya su a Facebook ma'ana ta koma kishiyarta. Tsere ba ta da warin bauta, amma tana da warin ana nemanka. Sai su arce da sulale da cika wandonsa da iska da ranta a na kare, waɗannan na hira ne, suna nuna yadda aka yi gudun, ba a yin suna da su, kuma ba a faɗarsu ga wanda ya fito daga masifa don akwai raha a cikinsu.

Ɗan gudun hijira kuma wani abu ne daban, shi ba tsare shi aka yi ba, gidansa ya bari saboda yaƙi ko fitina. Ka lura gudun ne dai a ciki, amma da aka jingina shi da hijira sai ya samu rigar mutunci, saboda hijirar Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam, da kuma ta Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ashe ba gudun ne abin kunya a Hausa ba, ai mu ne muke cewa in ka ga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba. Abin dubawa shi ne daga hannun wa aka gudu, kuma wa ke ba da labarin. Haka matar da ta bar gidan miji cikin fushi yaji ta yi, in ka ce mata gudajjiya ka zagi iyayenta, domin ka mayar da aurenta mallaka.

Gudajje a yau inda take zama ba ta yi ciwo sosai ba shi ne a kan wanda ya bar wani nauyi da ya ɗauka da kansa, gudajjen soja, ko wanda ya ci bashi ya bar gari, can ma zargi ce ba yabo ba. Abokin ƙanenka na tabbata ba da mugun nufi ya faɗa ba, samarin yanzu da yawa ba su san kayan da ke cikinta ba, a gaya masa cikin natsuwa ya je ya ba Iya haƙuri shi ke nan. Shi kuma ƙanen naka a bar shi ya huta, a rage sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya shigo, wanda ya kwana a ɗaure a daji yakan daɗe yana firgita cikin barci, in abin ya ƙi wucewa a kai shi asibiti. Duk bayanin nan da na yi kuwa a kan Hausar da muke yi ne a Kano da Jigawa, wadda na tashi a cikinta na kuma koyar da ita.

Akwai wuri ɗaya da har yanzu nake jin ana amfani da kalmar da tsohuwar ma'anarta sak, kuma shi ya fi damuna. Yaron da aka kai gidan mari ko wajen wani malami mai dukan kawo wuƙa, ko yarinyar da aka kai aikatau birni ana karɓar kuɗinta a gida, in suka gudo sai ka ji manya na cewa gudajje ne, a kama shi a mayar. A watan Satumban 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna sun fito da mutum wajen 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan nan aka buɗe wasu a Daura da wasu garuruwa. Ina koyarwa an sha kawo min ƙarar irin waɗannan yara, uba ya zo da zafinsa yana cewa Malam yaron nan ya gudu sau kaza. Abin da nake fara yi shi ne in ce a fita a bar ni da yaron, in ce ya ɗaga rigarsa, in duba bayansa da idon sawunsa, sannan in tambaye shi me yake ci a can kuma a ina yake kwana. Wani lokaci ka tarar ƙiwuya ce kawai da kewar gida, sai a lallashe shi a mayar. Wani lokaci kuwa abin da za ka gani a jikinsa ya isa ka ce wa uban yaron nan ba zai koma ba, in ya matsa a tafi wajen mai gari.